Libarbar Delbert Ta Ƙi Fita Daga Kube

Ƙanina Delbert ya shekara hamsin da huɗu a duniya, kuma tun yana ɗan shekara tara burinsa ɗaya ne, a ba shi wata ƙofa ya tsare. Ya nemi aikin ɗan sanda sau biyu, gwajin ido ya kayar da shi. Ya nemi gadin kurkuku, aka ce ya koma gida za a kira shi, har yau muna sauraro. Daga ƙarshe ya ɓige da tuƙa motar raba iskar gas a ƙauyukan da ke kewaye da garinmu, nan yammacin Texas, yana ba shanu hannu kamar mai ba da hannu a titi. Saboda haka ranar da Fasto Hollis ya sanar cewa cocinmu zai zaɓi mutum huɗu masu tsaron ƙofa duk ranar Lahadi, kowa da bindigarsa a ƙarƙashin kwat, na waiwaya na dubi Delbert, na ga har wuyansa ya ƙara tsawo. Na ce a raina mun shiga uku.

Sharaɗin ba shi da yawa. Bayan mako biyu, ranar Asabar, za a yi gwaji a filin da ke bayan gonar Odell Pruitt, tsohon ɗan sanda wanda ya yi shekara talatin yana aiki bai taɓa yin murmushi cikin kaki ba. Kowa zai yi harbi da bindigar da zai riƙa ɗauka, ya zaro ta daga kuben da zai riƙa ɗaurawa. Da sha biyun rana Odell zai rufe littafinsa a zauna cin abinci. Wanda bai yi harbi ba kafin nan, sai baɗi.

Ni ina da ɗan shagon shayi kusa da gidan waya, inda mazan garin nan ke taruwa da safe su sha kofi ɗaya su yi hirar kofi goma. Mako biyun nan ba a yi wata magana ba sai ta bindiga. Rufino Garza, mai gyaran famfo, yana yabon baƙar fistol ɗinsa mai jikin roba, wai ba ta da nauyi, ba ta gardama, kuma tana cin harsashi goma sha bakwai. Fasto Hollis ya tsaya kan tsohuwar fistol ɗin soja da ya gada wurin kakansa, wadda yake shafa mata mai fiye da yadda yake shafa wa kansa. Ni kuwa 'yar ƙaramar libarba ce mai harsashi biyar a jakata, shekara ashirin muna tare ba ta taɓa ba ni kunya ba, kuma ban taɓa tambayar ra'ayin kowa a kanta ba. Delbert ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya kushe. Ta Fasto wai ta tsufa ta kai a yi mata ritaya. Tawa wai ta korar kyanwa daga kan shara ce. Da ya zo kan Rufino sai ya gyara zama.

"Duk wanda ka ga yana yawo da harsashi goma sha bakwai," in ji shi, "ya riga ya san zai yi kuskure goma sha shida."

Rufino ya tambaye shi to shi da me zai zo. Delbert ya ware hannuwa ya kwatanta libarbarsa, wata ƙatuwa mai harsashi shida wadda tsawon bakinta ya kusa kai damtsen hannuna, nauyinta kuwa sai ka ce dutsen guga.

"Ɗan'uwa Delbert," in ji Rufino, "ƙofar coci aka ce ka tsare, ba bauna aka ce ka harbo mana ba."

"Shi ya sa ni za a sa a ƙofar gaba, kai a ba ka ta wajen banɗaki."

Na ce masa ya sha kofinsa kafin ya huce, tunda bakin nasa ba ya hucewa. Ya ce, "Yaya Verna, ki zo ranar Asabar da kujerarki, ki ga yadda maza ke zare bindiga." Na ce zan zo, har da shayi.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne wannan ƙatuwar bindiga ba ta da kube, a cikin safa take kwana. Ya aika wa wani baduku a can Abilene ya ɗinka masa na fata mai kauri, da furanni a jiki da sunansa a ƙasa. Kuben bai iso ba sai ranar Alhamis da yamma, ga shi a matse. To, duk wanda ya taɓa riƙe bindiga a nan ya san sabon kube haka yake zuwa, kuma ya san maganinsa. Ka naɗe bindigar cikin leda, ka cusa ta, ka bar ta kwana uku fatar ta saki a hankali. Delbert ba shi da kwana uku, ko yana da su ma ba shi da haƙurinsu. Ya taɓa jin an ce jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin ɗaukar siffar bindiga. Sai ya yi lissafi irin nasa, in ruwan sanyi yana yi cikin kwana ɗaya, ai ruwan zafi zai yi cikin minti biyar. Ranar Juma'a ya tafasa ruwa ya tsoma kuben, ya cusa bindigar ciki ba leda ba komai. Da ya ga fatar tana ɗiga, ya waiwaya ya ga gangar da yake bandar nama tana hayaƙi, don shi aka ɗora wa kawo naman ƙirjin sa na walimar Asabar. Ya buɗe ya kwantar da bindiga da kube kusa da naman, ya rufe, ya bar su awa uku. Da yamma ya ciro da sauran ɗumi, ya zura kuben a ɗamara, ya zura ɗamarar a wandonsa na zuwa coci, ya rataye a kujera.

Da gari ya waye fatar ta tsuke ta bushe kamar itace. Ya ja, bindiga ta ce ba ta san zancen ba. Mai hankali da nan zai kira Odell ya faɗi gaskiya. Delbert ya ɗebo kitsen naman nan ya shafe kuben da shi ciki da waje iyakar inda yatsa ke shiga, ya gaya wa kansa ɗumin jiki zai ƙarasa aikin kafin ya isa fili.

Ni dai farkon abin da na lura da shi da safen nan shi ne karnuka. Yana saukowa daga a-kori-kurarsa karnukan gonar uku suka rufa masa baya, Biskit a gaba, wani zabgegen kare mai dogayen kunnuwa da Odell ya fi so fiye da yawancin mutane. Delbert ya ce dabba ma ta san shugaba idan ta gan shi. Matarsa Darla ta sauko ta ɗaya ƙofar da kwanon wake a hannu, ba ta ce komai ba. Shekara ashirin da takwas tana aurensa, ta ƙware wajen rashin cewa komai.

Odell yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa ko ga Fasto. Kafin kowa ya taka layin harbi, sai ya zo gaban tebur ya zare bindigarsa, ya buɗe cikinta, kowa ya ga babu harsashi. Mutum tara suka bi layi suka nuna. Delbert ya tsaya na ƙarshe da gangan don a fi ganinsa. Ya yaye kwat, ya buɗe ƙafa, ya kama mariƙin ya fizga.

Wandon ne ya taso. Ya sake fizga da ƙarfi, wandon ya haura har kusa da hammatarsa, idon sawunsa suka bayyana cikin farar safa. Ya sauke shi a hankali, ya yi gyaran murya, ya bayyana mana cewa wannan kube ne na musamman, irin wanda ɓarawo ba ya iya fizge bindiga daga cikinsa. Rufino ya ce lallai an yi aiki, tunda har mai ita ma bai tsira ba.

Odell bai yi dariya ba. Ya zagaya ya duƙa ya duba. Fatar ta haɗiye bindigar har wuya, ta rufe kunamar, ta rufe cikin da harsashi ke zama, ba ka ganin komai sai mariƙi. Wajen bushewa kuma ta lanƙwashe, bakin bindigar maimakon ya kalli ƙasa sai ya ɗaga ya kalli bayan Delbert. Odell ya ƙwanƙwasa kuben da yatsa, ya yi ƙara kamar ƙofa. Ya sansana yatsan. Sannan ya miƙe.

"Akwai harsashi a ciki?"

"Babu ko ɗaya."

"Ka duba da idonka kafin ka sa ta?"

"Babu, Odell. A iya sanina."

Waɗanda ke tsaye bayansa suka watse tun bai rufe baki ba. Ya juya zai kwantar musu da hankali, bakin bindigar ya koma kan mu da ke gaba, mu ma muka dare. Ya sake juyowa zai ba mu haƙuri, matan da ke jera abinci suka yi ƙasa. Sai da Odell ya daka masa tsawa irin wadda ya yi shekara talatin yana yi wa mashaya, ya kai shi gefe ya jingina bayansa da wani tudun ƙasa, ya ce ko atishawa zai yi kada ya juya. A nan Delbert ya tsaya kamar wanda malami ya hukunta, yana kallon mutanen da ya kushe suna harbi ɗaya bayan ɗaya. Rufino ya huda tsakiyar allon har ya zama rami ɗaya, ya zo wucewa ya ce masa yau dai bai samu ya yi kuskuren nan goma sha shida ba, a yi masa uzuri.

Aka shiga ba da shawara. Wani ya ce a kama shi mutum biyu a ja, Odell ya ce duk wanda ya taɓa mariƙin nan zai kwana a bayan kanta, ko da ritayarsa. Fasto Hollis, da kyakkyawar niyya, ya ce tunda bushewa ce ta kawo matsalar ai ruwa zai warware ta. Ruwan da ke kusa kuwa shayina ne mai ƙanƙara. Ya ɗauki tulun gaba ɗaya ya tuttula wa Delbert a kwankwaso. Delbert ya yi wata ƙara wadda ban taɓa jin ta fito daga bakin ɗan gidanmu ba, ya yi tsalle a wuri ɗaya don ba shi da izinin juyawa. Kuben bai ko san an yi ba. Abin da muka samu kawai shi ne asarar shayi, da kuma Biskit da ya matso yana lasar takalminsa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Odell ya ce ba sauran dabara sai a yanka kuben. Delbert ya rufe shi da hannu biyu, wai ko gawarsa ba za ta yarda ba, sunansa ne a jiki, kuma da wane kube zai yi gwajin? Odell ya ce zai ara masa wani tsoho, in dai aka ga cikin bindigar nan. Amma ba zai sa almakashi a jikin mutum da bindigar da ba a san halinta ba, sai an raba su. Aka zo zare ɗamara, kuben ya riƙe ta gam, ga shi kuma ƙarfen gabanta wani faffaɗa ne mai hoton kan sa, faɗinsa ya kai ƙaramin faranti, ba ya wucewa ta kunnuwan wando. Rufino ya ce to a yanke kunnuwan. A nan ne Darla ta yi magana karo na farko, daga inda take yanka burodin masara, ba tare da ta ɗago ba. Ta ce wandon nan shi ke nan gare shi na zuwa coci, da hannunta ta rage masa tsawo makon jiya, wanda ya yanke shi ya shirya saya.

Delbert ya dubi agogo, ya dubi allon harbi, ya dube ni. Gumi ya karyo masa duk da ƙanƙarar da ke cikin takalminsa. Na yaye mayafin tebur ɗina mai ja da fari na miƙa masa ina kallon wani wuri. Maza huɗu suka tsaya suka yi masa katanga, ya tuɓe, ya ɗaura mayafin kamar zane. Odell ya ɗauki wandon da hannu biyu, a hankali, ya shimfiɗa shi a ƙofar bayan a-kori-kura, bakin bindigar yana kallon tudu. Ya ce kowa ya tsaya inda yake, ya tafi rumfar kayan aiki ɗauko almakashin yankan kwano.

Kowa ya tsaya kuwa, ban da wanda ba ya jin dokar. Biskit tun safe yake bin ƙanshin kitsen nan da haƙuri. Ya sa ƙafafun gaba, ya cafki kuben, ya sauka da wando da ɗamara da komai, ya zura da gudu.

Ina da shekara sittin da ɗaya, gwiwata ta dama ba ta lanƙwasuwa, amma ban san lokacin da na tsinci kaina a saman mota ba. Daga can na ga komai. Karen yana gudu, ƙafafun wandon suna jan ƙasa, bakin bindigar yana gaishe da jama'a gabas da yamma. Ya nufi teburin abinci, mata suka bar cokula suka yi ta kansu. Fasto Hollis ya shige ƙarƙashin teburin da littafinsa a ka. Rufino, gwanin harbi, ya maƙale bayan wani siririn turken shinge da bai rufe ko rabinsa ba. Odell ya fito daga rumfa yana ta faɗin kunamar a rufe take, kada kowa ya firgita, amma shi ma na ga a duƙe yake faɗa. Delbert ne kaɗai ya bi karen, hannu ɗaya riƙe da mayafi, takalma suna fitar da shayi, yana roƙonsa da girman Allah da sunan da Odell ya raɗa masa. Biskit ya ɗauka wasa ne. Sau uku suka zagaya filin.

Darla ce ta kawo ƙarshen abin. Ta yanko tsoka mai kauri daga naman Delbert, ta taka zuwa tsakiyar fili, ta kira karen sau ɗaya. Ya zo ya ajiye wandon a gabanta, ya karɓi nama, ya tafi gindin bishiya.

Saura minti goma ƙarfe sha biyu ta cika lokacin da Odell ya sa almakashi. Fatar ta tsage da ƙara kamar ana fasa ƙwarya, sunan Delbert ya rabu biyu. Delbert kuwa har ya fara miƙa hannu yana cewa a ba shi tsohon kuben, minti biyar ma sun ishe shi ya nuna wa yaran nan aiki. Odell ya juya bakin bindigar wajen tudu, ya buɗe cikinta, ya karkata ta a tafin hannunsa. Harsashi shida suka zubo.

Ba wanda ya yi dariya. Odell ya tambaye shi yadda aka yi kuben ya zama haka, kuma wannan karon Delbert ya faɗi gaskiya, da tafasasshen ruwan, da gangar banda, da awa ukun. Odell ya ce da ya ƙara itace biyu a wutar nan, da yanzu wani zancen ake yi. Darla ta goge hannunta da tsumma, ta matso. Ta ce jiya tun azahar har la'asar tana zaune a baranda tana ɓarar wake, taku biyar daga gangar.

"Delbert," ta ce a hankali, "da ka kwantar da ita cikin gangar, ina bakinta yake kallo?"

Ƙanina yana da aibi da yawa, amma idan aka ritsa shi ba ya iya ƙarya. Ya sunkuyar da kai.

"Wajen baranda," in ji shi. "Ɗaya gefen ai motata ce a ajiye."

 Darla ta miƙa wa Odell hannu, ya ba ta bindigar a buɗe, ya zuba mata harsasan a aljihun riga. Ta ɗauki wandon, ta lalubo makullin mota a aljihunsa, ta naɗe sauran ta sa a hammata. Ta gaya wa matan coci su mayar mata da kwanon wakenta ranar Lahadi. Ta shiga motar da ya kare daga harsashi ta tayar, ta tafi.

Odell ya buɗe littafinsa ya ja layi a kan suna ɗaya. Delbert ya tambaye shi cikin wata ƙaramar murya ko ƙofar baya ma ba za a ba shi ba. Odell ya ce wando da kare duk zai iya mantawa, don kowa yana da ranar wautarsa. Amma mutumin da zai ce bindiga babu komai alhali bai duba ba, ba zai sa shi tsakanin ƙofa da mutanen da ke sunkuye suna addu'a ba, bana ko baɗi. Ya rufe littafin, ya ce a ci abinci.

Na ji haushinsa har cikin raina, don Darla ƙanwata ce tun ranar da ta shigo gidanmu. Amma da na gan shi zaune kan bokiti cikin mayafin tebur ɗina, gwiwoyi a waje, yana kallon mutum huɗun da aka zaɓa suna musabaha da Fasto, sai tausayinsa ya kama ni, don na san tun yaushe yake jiran ƙofar nan. Na zubo masa nama da wake na kai masa. Na ce idan ya gama zan rage masa hanya, amma a gidana zai sauka, don ban ga alamar za a buɗe masa tasa ƙofar yau ba. Ya karɓa. Ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu, ya daɗe yana kallon tsagaggen kuben a ƙasa. Har na fara tunanin yau dai an samu abin da ya rufe bakin nan.

"Amma Yaya Verna," in ji shi, "ki faɗi tsakaninki da Allah. Sau uku karen nan ya zagaya fili da bindigar, kin ga ta faɗo daga kuben?"